Littattafan Bayanin Dabbobi Masu Ban Mamaki da Ban Sha'awa ga Masu Koyon Karatu: Nazari a Kan Yankin Wurno, Rabah da Goronyo

1.0 Gabatarwa

Littafin bayani shi ne wanda aka rubuta domin ya sanar da mai karatu haƙiƙanin yadda wani abu yake a duniya, saɓanin ƙagaggen labari da marubuci ke ƙirƙira daga tunaninsa. Idan domin ɗan aji ɗaya zuwa uku na firamare aka yi shi, wato yaron da bai daɗe da fara haɗa baƙi ba, yakan zo da shafuka kaɗan, da jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, da babban hoton da ke tallafa wa rubutun. A ƙasashen da harkar littattafan yara ta bunƙasa, dabbobi ne suka fi cika wannan rukuni, musamman waɗanda suka haɗa siffofi biyu: halittar da ba a saba gani ba, da kyan ganin da ke sa yaro ya ƙura ido ya ƙi juya shafi.

Manufar wannan takarda ita ce ta tantance irin dabbobin da suka dace a gina waɗannan littattafai a kansu domin yaran ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato, ta kuma fito da ƙa'idojin harshe da na ilimi da ya kamata marubuci ya kiyaye. Matsayar takardar ita ce, fadamu da gonakin wannan yanki suna da dabbobin da suka cika sharuɗɗan biyu, kuma da su ya kamata a fara kafin a ɗauko na nesa.

1.1 Farfajiyar Nazari

Ruwa ne ya tsara rayuwar waɗannan ƙananan hukumomi uku. Gulbin Rima yana ratsa Goronyo, inda aka kammala gina madatsa a kansa a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Daga nan yake gangarowa ta Wurno, garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837, wanda a yau ya shahara da noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah kuwa, mahaifar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara rani ne. Saboda haka yaron da ya tashi a Achida ko Shinaka ko Gandi ya san muhalli iri biyu tun yana ƙarami: fadama mai cika ta ƙafe, da tudu mai gero da dawa da sheƙar kurege. Wannan sani jari ne da yake shigowa aji da shi.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Rubutun Hausa

Dabbobi sun daɗe a cikin rubutun Hausa, amma galibi a matsayin taurarin labari. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 cike suke da gizo da kura da dila. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne mai ba da labarai. Haka nan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya kai wannan gado cikin azuzuwan firamare. A duk waɗannan, dabba tana magana, tana ƙulla dabara, tana zuwa fada, wato an mutuntar da ita domin ta koyar da hali.

Aikin da ya fita daban shi ne Ikon Allah, na R. M. East da Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1949. Littafi ne na bayanin halittu da Hausa tsantsa, kuma hujja ce cewa harshen ya daɗe da iya ɗaukar ilimin kimiyya. Sai dai an rubuta shi ne domin wanda karatunsa ya riga ya nuna. Ɗan aji biyu ba zai iya cin shafi ɗaya daga cikinsa ba. Jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu ya yi wa masu farawa hidima shekaru da dama, amma burinsa horar da ido da baki ne, ba zurfafa bayani a kan wata halitta guda ba.

Daga baya an mayar da hankali sosai ga karatun farko a Jihar Sakkwato. Gwaje-gwajen karatun Hausa da cibiyar RTI ta gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labarin da aka ba su ba. Wannan sakamako na cikin abubuwan da suka haifar da shirin NEI Plus, wanda ya fara a 2015 da tallafin hukumar USAID ta Amurka, ya kuma samar da littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku. Waɗannan littattafan darasi ne, masu bin tsarin manhaja. Giɓin da ya rage yana wajen ƙananan littattafan ƙari, waɗanda yaro zai ɗauka don ransa yana so.

2.2 Binciken Waje

Gough da Tunmer (1986) sun bayyana cewa fahimtar karatu tana samuwa ne daga haɗuwar abu biyu, iya haɗa baƙi da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi, kuma in ɗaya ya rushe, ɗayan ba ya wadatarwa. Duke (2000) ta bi azuzuwa 20 na 'yan aji ɗaya a Amurka, ta gano cewa matsakaicin lokacin da ake ba rubutun bayani minti 3.6 ne kacal a rana, kuma ya fi haka ƙaranci a makarantun 'ya'yan talakawa. Ke nan ƙarancin littafin bayani ba matsalar ƙasar Hausa kaɗai ba ce.

Dangane da abin da ke sa dabba ta shiga ran mutum, Konrad Lorenz ya kawo ra'in siffar jarirai a 1943. A ganinsa, babban kai da manyan idanu da kumatu da gajerun gaɓoɓi suna tayar da tausayi da son kulawa a zuciyar ɗan Adam, ko a jikin jariri aka gan su ko a jikin dabba. Masu buga littattafan yara sun daɗe suna cin moriyar wannan.

Bincike biyu sun taɓo batun nesa da kusa. Balmford da abokan aikinsa (2002) sun samu cewa yara 'yan shekara takwas a Birtaniya sun fi iya gane halittun wasan Pokémon, waɗanda babu su a duniya, fiye da tsirrai da dabbobin ƙasarsu. Ballouard da abokan aikinsa (2011) sun samu makamancin haka a Faransa, inda yara suka fi nuna damuwa da dabbobin ƙasashen nesa da suke gani a allo fiye da na kewayensu. Sai kuma Ganea da abokan aikinta (2014), waɗanda suka karanta wa yara 'yan shekara uku zuwa biyar littattafai iri biyu a kan dabbobi, wasu da harshen bayani zalla, wasu da harshen mutuntarwa. Yaran da suka ji na biyun sun fi jingina wa dabbobi halayen mutane. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin halittu uku da aka zaɓa a wannan bincike saboda yaran ba su san su ba shi ne carki, tsuntsun da ke sauka a bayan shanu yana cin kaska. Abin da yake baƙo a wani wuri, ɗan gida ne a wani.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na laburare ne. An tattara sunayen dabbobi daga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aka daidaita su da bayanan masana halittu a kan dabbobin yankin Sudan da Sahel. Daga nan aka auna kowace dabba da ma'auni uku. Na farko ma'aunin jan hankali, wato ko tana da siffar jarirai ko wata ɗabi'a ta ban mamaki da za a iya faɗa a jimla ɗaya. Na biyu ma'aunin kusanci, wato ko yaron yankin zai iya ganinta, ko ya sami babba a gida wanda ya santa. Na uku ma'aunin gaɓa, wato sauƙi ko wuyar sunanta ga mai koyon haɗa baƙi.

4.0 Nazari

4.1 Dabbobin Tudu

Bushiya ce ta fi kowace cika sharuɗɗan. Irin da ke wannan yanki, mai suna Atelerix albiventris a wurin masana, tana da yatsu huɗu a ƙafar baya, da ciki fari mai laushi, da ɗan tsinin hanci. Da dare take fita neman ƙwari, kuma da ta ji motsi sai ta dunƙule, ƙayoyinta su miƙe ta ko'ina. 'Ya'yanta sukan zo duniya da ƙayoyi masu taushi a ƙarƙashin fata, su ɓullo cikin sa'o'i kaɗan. Daga wannan iri ne aka samo bushiyar da ake kiwo a gidaje a Amurka da Japan. Yaron Rabah da ke tsintarta a gindin rumbu ya fi kowa cancantar a rubuta masa littafi a kanta.

Yanyawa tana biye. Ƙaramar dabba ce mai launin yashi da manyan kunnuwa, tana zama da iyalinta a rami mai tsawo, tana cin ɓeraye da ƙwari da 'ya'yan itace. Kurege kuwa kowane yaro ya san shi, amma a matsayin ɓarawon gyaɗa ko gwanin wayo na tatsuniya. Littafin bayani zai nuna shi tsaye a kan ƙafafun baya yana leƙen hanya, yana binne abinci domin wata rana. Dabgi ya fi su duka ban mamaki, da dogon hanci da kunnuwa irin na zomo da harshe mai danƙo da yake lasar gara da shi, sai dai ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma dare ne lokacinsa. Don haka ya cika ma'aunin kusanci ne ta bakin tsofaffi da maharba kawai, wanda shi ma wata hanya ce ta sa yaro ya kai littafi gida ya yi tambaya.

Gafiya ba ta da farin jini, amma tana da labari na gaske da zai sauya yadda ake kallonta. Tana da jaka a kumatu da take cusa abinci, kuma hancinta na da ƙarfin shinshina. Ƙungiyar APOPO tana horar da 'yar'uwarta ta gabashin Afirka a Morogoro ta Tanzaniya domin gano nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ta sami lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ta yi a Kambodiya.

4.2 Halittun Fadama da Gulbi

A nan ne yankin ya fi arziki. Gaiwa, wato Protopterus annectens, kifi ce mai huhu, tana tasowa saman ruwa ta shaƙi iska. Idan fadama ta fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi wanda ke bushewa ya zama mata kwanso, ta bar ɗan ƙaramin rami na numfashi. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha, har ruwa ya dawo. Masana na kiran wannan barcin rani. Manomin fadama a Wurno yana iya tono ta da fartanya a busasshiyar ƙasa, kuma yara da yawa sun taɓa ganin haka ba tare da an taɓa yi musu bayanin dalili ba. Rayuwar gaiwa tana da farko da tsakiya da ƙarshe da kanta, don haka marubuci ba ya buƙatar ya ƙaga komai. Ga samfurin yadda littafi mai shafi takwas zai iya kasancewa:

Ga gaiwa.
Gaiwa kifi ce.
Tana zama a fadama.
Rani ya zo. Ruwa ya ƙafe.
Gaiwa ta shiga laka.
Ta yi barci a ciki.
Damina ta zo. Ruwa ya dawo.
Gaiwa ta fito.

Kalmomi 33 ne gaba ɗaya. Rufaffiyar gaɓa ɗaya ce tak, a cikin barci. Baƙi mai ƙugiya ɗaya ne, a cikin ƙafe, mai goyo ma ɗaya, a cikin shiga. Duk da wannan sauƙi, babu jimlar da ta kauce wa gaskiya, kuma yaro ya fita da tambayar da za ta kai shi littafi na gaba: yaya take numfashi a cikin laka?

Talibambam shi ne ya fi dacewa da ra'in Lorenz a cikin kifayen gulbi. Yana da manyan idanu da ɗan baki mai haƙora huɗu da suka haɗe, waɗanda yake fasa dodon koɗi da su. In ya tsorata yakan haɗiye ruwa ya kumbura har ya zama kamar ƙwallo, ƙananan ƙayoyin fatarsa su tashi. Minjirya ba ta kai shi kyan gani ba, amma tana iya fitar da lantarki mai ƙarfin da ya kai bolt 300 zuwa sama, tana sumar da ƙananan kifaye da shi, kuma duk ɗan masunta ya ji labarin wanda ta taɓa ja. Littafi a kanta ƙofa ce ta fara maganar lantarki da yaron da watakila babu wuta a garinsu.

4.3 Tsuntsaye

Cilakowa tana da ɗabi'ar da ta isa littafi guda. Macen takan shiga kogon itace, a liƙe bakin kogon da laka da kashi har sai ɗan tsagi ya rage, namijin ya riƙa miƙo mata abinci ta nan har ta ƙyanƙyashe. Shamuwa kuwa tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, sannan ta koma gabashi da kudancin Afirka idan rani ya kama. Manoma sun daɗe suna ɗaukar zuwanta alamar ruwa ya kusa, kuma a nan sanin gargajiya da na kimiyya sun yi daidai. Gauraka mai tukku ruwan zinariya ta zama abin nema a Nijeriya, saboda kamu da lalacewar dausayi, don haka littafinta zai ɗauki nauyin kiyaye muhalli tare da na karatu.

4.4 Sunayen Dabbobi da Matakan Karatu

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, abin da ke wahalar da mai koyo shi ne rufaffiyar gaɓa, da tagwan wasali, da baƙaƙe masu goyo da masu ƙugiya. Bisa wannan, sunayen sun kasu mataki-mataki. Damo da zomo da guza da kurege da gafiya da beguwa duk buɗaɗɗun gaɓoɓi ne masu baƙi ɗaɗɗaya, don haka su ne na matakin farko. Bushiya da shamuwa suna jiran a koyar da sh, gaiwa da gauraka da hawainiya suna jiran ai da au. Dabgi da carki da burtu da tunku da kunkuru suna da rufaffiyar gaɓa. Minjirya da talibambam su ne na ƙarshe, tare da yanyawa, wadda haɗuwar n da y a tsakiyarta ke iya rikita yaro wajen raba gaɓa.

Wannan rabo ya fito da wata matsala: dabbobin da suka fi jan hankali ba su ne masu sauƙin suna ba. Bai kamata a hana ɗan aji ɗaya talibambam saboda tsawon sunansa ba. Abin da ya dace shi ne a bar kalma mai wuya guda ɗaya a littafi, ita ce sunan dabbar, a maimaita ta a kusan kowane shafi, malami ya fara sa yara su tafa ta gaɓa-gaɓa, ta-li-bam-bam, sauran kalmomin kuma su tsaya a kan abin da aka riga aka koyar.

Akwai kuma batun karin harshe. Yaran yankin Sakkwatanci suke yi, littafi kuma da daidaitacciyar Hausa ake rubuta shi. A samfurin gaiwa, kalmomi huɗu suna da f: kifi, fadama, ƙafe, fito. A bakin yaron Goronyo su ne kihi, hwadama, ƙahe, hito, kuma barci ma kwana yake ce masa. Idan ya karanta kifi ya furta kihi, ya haɗa baƙi daidai, ya kuma fahimci ma'ana, don haka kuskure ne malami ya ɗauki wannan a matsayin gazawa. Jagoran malami da ke tare da littafin ya kamata ya faɗi haka ƙarara, ya kuma bar fili inda malami zai rubuta sunan da ake kiran dabbar da shi a garin idan ya bambanta.

4.5 Tatsuniya, Camfi da Gaskiyar Kimiyya

Tatsuniya tana da aikinta, kuma ba a neman a kore ta daga aji. Abin da ake nema shi ne yaro ya san cewa rubutu iri biyu ne, ya kuma iya bambanta su. Binciken Ganea ya nuna haɗarin gauraya su. Jimla irin "Bushiya ta yi fushi da ƙawarta" ba ta da gurbi a littafin bayani, alhali "Bushiya ta ji motsi, ta dunƙule" tana ba da irin wannan armashi ba tare da ƙarya ba. Kurege ne ya fi fuskantar wannan jarrabawa, domin marubuci da kansa ya tashi da labaran wayonsa.

Camfi ya fi tatsuniya wuyar sha'ani, domin ana ɗaukarsa gaskiya. An yi imani beguwa tana harbi da ƙayoyinta, alhali abin da take yi shi ne ta tayar da su, ta girgiza, ta ja da baya ta soki maƙiyi, wasu su tsinke su maƙale a jikinsa. An yi imani hawainiya tana ɗaukar launin duk abin da ta hau, alhali rikiɗarta ta fi danganta da zafi da haske da halin da take ciki na tsoro ko faɗa ko neman abokin barbara. Yara da yawa suna jifanta saboda tsoro, ga shi kuwa ba ta da dafi, ƙwari take ci, kuma idanunta biyu kowane na iya duban nasa gefen. Hanyar da ta fi dacewa ita ce littafi ya faɗi abin da yake daidai cikin natsuwa, ba tare da ya ambaci camfin ko ya ƙaryata manya ba. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi ne zai je ya yi wa kakarsa gyara ba, kuma littafin da ya sa shi haka ba zai sake shiga gidan ba.

Karɓuwar irin waɗannan littattafai a wurin iyaye tana da tushe mai ƙarfi. Surori da dama na Alƙur'ani suna ɗauke da sunayen halittu, kamar saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Malaman Musulunci irin su Jahiz da Damiri sun wallafa manyan littattafai a kan dabbobi, kuma sunan da East da Imam suka zaɓa wa nasu littafin ya nuna sun fahimci cewa Bahaushe yana kallon halitta a matsayin abin yin tafakkuri. A yankin da kusan kowane yaro ke zuwa makarantar allo, wannan ya isa ya sa uba ya ga littafin gaiwa ba wasa ba ne.

Wajibi ne kuma a kula da abin da sha'awa ke iya haifarwa. Yara suna farautar kurege da gafiya da damo, kuma littafin da ya ƙawata bushiya zai iya ƙara sa a kama ta a ɗaure. Shafi na ƙarshe ya kamata ya ɗauki umarni gajere, kamar "Kalle ta, ka bar ta ta tafi", a littafin minjirya kuma gargaɗi bayyananne cewa ba a taɓa ta.

4.6 Matsayin Dabbobin Nesa

Fanda da kowala da kangaru suna da gurbinsu, amma a mataki na gaba. Mai koyo yana kokawa da haɗa baƙi, kuma idan kalmar da ya sha wuya ya haɗa ba ta nufin komai a wurinsa, ba shi da abin da zai tabbatar da cewa ya karanta daidai. Wanda ya haɗa da-mo ya ga damo a hoto ya sami ladan wahalarsa nan take. Daga sanannen ake tafiya zuwa baƙo: daga gafiya zuwa Magawa, daga kunkurun gida zuwa manyan kunkuran tsibiran Galafagos. Tsakanin kusa da nesa akwai raƙuman dawan Kure a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka haura 600, har aka mayar da takwas daga cikinsu gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi a 2018. Maƙwabta ne.

4.7 Hoto, Bugu da Isarwa

Hoton kyamara ya fi zane dacewa da littafin bayani, domin shi ne ke shaida wa yaro cewa dabbar tana nan da gaske. Inda dole sai an zana, kamar gaiwa a cikin kwansonta a ƙarƙashin ƙasa, zanen ya bi siffar gaskiya, ba tufafi, ba murmushin mutane. Kowane littafi yana buƙatar hoto ɗaya da ke nuna girman dabbar kusa da abin da yaro ya sani, bushiya a gefen ƙwarya, talibambam a tafin hannun masunci. Haruffa su zama manya, kuma a tabbatar na'urar bugu tana fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai, domin mai koyo ba shi da ƙwarewar da zai cike ƙugiyar da ta ɓace.

Ta fuskar kuɗi, akwai rumbunan intanet masu buɗaɗɗen lasisi, irin su African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, wanda ya fara a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, na 2015, da manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL wadda ke taimaka wa marubuci ya ƙayyade baƙaƙe da tsawon jimla gwargwadon mataki. Duk suna karɓar Hausa. Sai dai a ƙauyukan da wuta da intanet ba su wadata ba, takarda ce za ta kai ga yaro. Littafi mai shafi takwas yana fita daga falle biyu da aka buga gaba da baya aka ninka, abin da ƙaramar maɗaba'a a Sakkwato za ta iya yi. Sashen nazarin Hausa da na ilimin halittu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna da masanan da za su duba harshe da gaskiyar bayani, masunta da maharba da manoman fadama kuma su tabbatar da sunaye da wuraren da ake samun kowace dabba.

Rashin tsaro ya shafi isarwa kai tsaye. Hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da dama da ƙauyukansu a wannan yanki, tun daga waɗanda suka taru a Gandi a 2018, kuma yaran da ke gudun hijira sun yi nisa da aji da daji gaba ɗaya. Ƙaramin littafi mai shiga aljihu, wanda ba a kulle shi a ofishin shugaban makaranta ba, ya fi dacewa da halinsu. Don haka ya kamata a ƙiyasta yawan bugu bisa adadin yara, ba adadin makarantu ba, a kuma raba ta hannun hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin uku da kwamitocin kula da makarantu da makarantun Islamiyya, tare da izinin kowane yaro ya tafi da nasa gida.